Sharhin Ƙananan Kyamarori da Riƙon Kamfani a Tsakanin Masu Son Hoto

Sharhin kyamara nau'in rubutu ne da ya bunƙasa tare da ƙaramar kyamarar dijital, wato wadda gilashinta yake haɗe da jikinta, ba a cire shi a sauya wani. A 1995 kamfanin Casio ya fitar da QV-10 mai ɗan allo a baya, inda mutum yake ganin hotonsa nan take. Bayan haka kamfanonin Japan irin su Canon, Nikon, Sony, Olympus, Fujifilm da Panasonic suka riƙa zubo sababbi kowace shekara, har mai saye ya rasa wadda zai kama. Wannan ruɗani ne ya buɗe wa masu sharhi kasuwa. Fitacce a cikinsu shi ne shafin intanet na DPReview, wanda Phil Askey ya kafa a Landan a 1998, Amazon kuma ya saye shi a 2007.

Sharhin yana da tsarin da kusan kowa yake bi. Ana fara wa da siffar kyamarar da yadda take zama a hannu, sai maɓallanta, saurin kama abin da aka saita ta a kai, da ƙarfin batiri. Zuciyar aikin ita ce gwajin ɗaki. Akan jera kaya a allo guda, da katin launuka da zare kala-kala da ƙananan rubutu, a ɗauke su da kowace kyamara cikin haske iri ɗaya. Sai a riƙa ƙara ma'aunin ISO mataki-mataki, a faɗaɗa hoton a kwamfuta, a duba inda ɗigo-ɗigo ya fara cinye rubutun. A ƙarshe a ba da maki.

Wannan hanya ta yi wa masu saye babban amfani a shekarun da kamfanoni suke tseren megafiksal. Talla tana cewa yawan lamba shi ne kyan hoto, gwaji kuma yana nuna cewa cusa ɗigo masu yawa a ɗan ƙaramin sensa yakan ɓata hoto idan haske ya yi ƙasa. Canon da kansa ya ja da baya: PowerShot G10 ta 2008 tana da megafiksal 14.7, amma G11 da ta gaje ta a 2009 ta sauko zuwa 10. Sa'ad da Sony ya fitar da RX100 a 2012, abin da masu sharhi suka fi yabawa shi ne girman sensar da aka iya sakawa a kyamarar aljihu.

Sai dai sharhin yana da rauninsa. Yawancin kyamarorin gwaji aro ne daga kamfani, kamfanin ne kuma yake tsayar da ranar da za a saki magana, kuma mai sharhi yakan sami kamasho idan aka saya ta hanyarsa. Da wuya wannan ya kai ga ƙarya, amma yana sassauta harshe. Gwajin mako biyu kuma ba ya nuna abin da shekara za ta haifar, kamar ƙurar da take shiga ta gilashi mai fita da komawa.

Riƙon kamfani kuwa ya fi wuyar bayani a nan. Mai babbar kyamarar Canon ko Nikon yana da hujja a fili, domin ya zuba kuɗi a gilasan da ba sa hawa jikin wani kamfani sai da dabara. Mai ƙaramar kyamara babu abin da ya ɗaure shi, amma sai a ga ya shekara ashirin yana sayen iri ɗaya. Wani launi ne ya riƙe shi, kamar masu Fujifilm da suka saba da launukan da aka kwaikwayo daga fim ɗin ɗaukar hoto na Provia da Velvia. Wani hannunsa ne ya saba. Masu Ricoh GR, jerin da ya faro da kyamarar fim a 1996, suna son yadda ake tsayar da nisa tun kafin a ɗaga ta, a latsa kawai a kan titi, ga kuma sunan mai ɗaukar hoto Daido Moriyama da ya ɗaukaka ta. Wani kuma suna ne zalla. Leica D-Lux 7 da Panasonic LX100 II, duka na 2018, sensa ɗaya da gilashi ɗaya gare su, amma ta Leica ta fi tsada ƙwarai, kuma ba ta rasa masu saye ba.

A nan ne sharhi da riƙon kamfani suke karo. Mai sharhi yana auna na'ura, mai karatu da yawa kuwa ya riga ya saya, tabbaci ya zo nema. Idan maki ya yi ƙasa sai a ce an sayi mai sharhin, kamar yadda magoya bayan ƙwallo suke yi wa alƙalin wasa. Duk da haka ba daidai ba ne a ɗauki riƙon nan makanta gaba ɗaya. Kyamarar da yatsa ya haddace maɓallanta tana kama abin da wadda ta fi ta maki za ta bari ya wuce, kuma allon gwaji ba ya iya auna wannan.

Wayar hannu ta durƙusar da kasuwar. Alƙaluman ƙungiyar CIPA ta Japan sun nuna an fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 10 ba. Casio ya fice daga harkar a 2018. Masu arha sun ɓace, masu tsada da suke da magoya baya suka rage. A 2022 gajerun bidiyoyin TikTok suka sa Fujifilm X100V ta yi wuyar samu a shaguna, ba tare da wani sabon gwaji ba. A 2023 Amazon ya sanar da rufe DPReview, kafin kamfanin Gear Patrol ya saye shi ya ci gaba da aiki.