Kurmin Baƙin Ruwa ko Kurmin Bakin Ruwa? Tsokaci a Kan Sunan Tsohon Kurmin Jakara

Gabatarwa

Duk wanda ya karanta tarihin kafuwar Kano ya ci karo da labarin Barbushe da Tsumburbura, da kuma kurmin nan da ke ƙasan Dutsen Dala inda mutanen wancan zamani ke yin yanka. Kurmin ya daɗe da ɓacewa, gidaje da rumfunan kasuwa sun maye gurbinsa, amma sunansa yana nan a littattafai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake rubuta sunan ta hanya biyu. Wasu ƙasidu da takardun darasi suna rubuta Kurmin Bakin Ruwa, wato kurmin da ke gefen ruwa. Wasu kuwa suna rubuta Kurmin Baƙin Ruwa, wato kurmin da ruwansa baƙi ne. Ƙugiya ɗaya ce tak ta raba su, amma ma'anar ta yi hannun riga. A ganina na biyun ne daidai, kuma zan kawo dalilaina, tare da abin da mai ja da ni zai iya cewa.

Inda Sunan Ya Fito

Madogararmu ita ce Tarihin Kano, littafin nan da aka rubuta da Larabci, wanda ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya sake buga shi a 1928. Daga baya aka fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi na biyu, wanda Hukumar Fassara ta Zariya ta buga a 1933.

Abin lura shi ne marubucin bai ambaci sunan kawai ya wuce ba, sai da ya faɗi dalilinsa. Ya bayyana cewa ana kiran Jakara da wannan suna ne saboda ruwanta baƙi ne, kuma kurmi ya kewaye ta. Ya ƙara da cewa itatuwan wurin ba sa motsi sai in wata masifa za ta auka wa ƙasa. Idan aka ga alamar haka, sai a nemo baƙin kare da baƙin bunsuru a yanka. Ashe ke nan wanda ya rubuta Bakin Ruwa, sannan ya dogara da wannan littafi, ya saɓa wa hujjarsa da kansa.

Yadda Ruɗanin Ya Samu

Lokacin da Palmer ya yi fassararsa, rubutun boko bai zauna da gindinsa ba. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka samu karɓuwa. Saboda haka yadda ya rubuta sunan bai nuna ko k ba ne ko ƙ. Masu bincike da yawa da Turancin Palmer suka fara, suka kwafo sunan daga can, sannan keken rubutu da ba shi da ƙugiya ya ƙarasa aikin. Yau ma wayar hannu ta gaji wannan hali.

Bahaushe a bakinsa ba ya haɗa waɗannan kalmomi. Baki na cin tuwo da gefen kogi ana jan wasalinsa na farko. Baƙi na launi ba a ja. Akwai ma na uku, baƙi jam'in baƙo, mai ƙugiya da jan wasali. Kunne yana rarrabe su nan take, amma takarda ba ta nuna jan wasali ko karin sauti. Idan aka cire ƙugiyar kuma, sai ukun su zama abu guda a idon ɗalibi.

Bugu da ƙari, akwai unguwa a cikin birni mai suna Bakin Ruwa, wadda mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Dala, kamar yadda Jakara take mazaɓa a Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye. Malamin da ya saba jin sunan unguwar, da ya ga sunan kurmin babu ƙugiya, sai ya ɗauka abu ɗaya ne.

Hujja Daga Harshe da Ƙasa

Kalmar kurmi a Hausa ba daidai take da daji ba. Kurmi wuri ne mai duhuwar itatuwa da sarƙaƙiya, wanda galibi yake bin kwari ko rafi, domin a ƙasarmu ta Arewa danshin ruwa ne ke riƙe irin wannan duhuwa har cikin rani. Shi ya sa fatake suka riƙa kiran ƙasashen kudu da Kurmi. To, idan kusan kowane kurmi a gefen ruwa yake, wanda ya ce kurmin bakin ruwa bai bambanta shi da sauran ba. Amfanin suna shi ne ya ware wuri daga 'yan'uwansa, kuma launin ruwa yana iya yin wannan aiki, kamar yadda muke da Farin Ruwa a Jihar Nasarawa.

Haka kuma yanayin wurin ya goyi bayan marubucin. Ruwan da ke kwance a fadama, ƙarƙashin inuwa mai kauri, ganye na zuba yana ruɓewa a ciki, duhu yake yi. Duk manomin fadama ya san haka. Cewa Jakara ruwa ne mai kwanciya, matafiya sun shaida. Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin wata babbar fadama da ta ratsa birnin, kasuwa na gefenta. Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iske ta a 1851 ya kuma ambace ta da sunanta.

Abin da Mai Ja Zai Iya Cewa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masana irin su Murray Last sun nuna cewa an tsara Tarihin Kano a yadda muka san shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Bello. Tsakanin marubucin da zamanin Barbushe akwai ɗaruruwan shekaru. Kuma malami ne Musulmi yake ba da labarin masu bautar iskoki, don haka mai ja zai ce baƙin ruwa da baƙin kare da baƙin bunsuru duk ado ne na nuna duhun jahiliyya, ya ce asalin sunan gefen ruwa ne, marubucin ya karkatar da shi.

Wannan magana tana da nauyi, kuma ta isa ta hana mu ɗaukar kowane layi na littafin tamkar shaidar gani da ido. Amma ba ta rushe batun suna ba. Marubucin mutumin Kano ne mai jin Hausa, yana rubuta wa masu jin Hausa, a lokacin da Jakara ke nan a fili kowa na ganinta. Da a bakin dattawan zamaninsa gefen ruwa ake nufi, da wuya ya kawo fassarar da kunnen kowa zai ƙaryata. Yanka baƙar dabba kuwa ba ƙirƙirarsa ba ce, al'ada ce sananniya a wajen Maguzawa da 'yan bori. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da Ya Rage na Kurmin

Tarihin ya nuna cewa Sarki Tsamiya (1307–1343) ya fasa wurin bautar Tsumburbura, sannan Wangarawa suka zo da ƙarfafa Musulunci a zamanin Yaji (1349–1385). Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ya kafa Kasuwar Kurmi a gefen Jakara. Waɗannan shekaru lissafin Palmer ne, wanda ya ƙirgo su daga tsawon mulkin kowane sarki. Ta haka wurin da ake tsoro ya koma wurin ciniki, rabin sunan ya tsira a bakin 'yan kasuwa. Dubban mutane suna cewa za su Kurmi kullum, kaɗan ne ke tambayar ina itatuwan.

Ita kuwa Jakara ta zama magudanar ruwan birni, tana kwasar dattin unguwanni, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su zuba a madatsar Wasai. A mulkin 2011 zuwa 2015 aka fara aikin rufe ta da gina titi a kanta, wanda ake kira Wuju-Wuju. A nan akwai wani sabon haɗari. Yaron da ya ji Baƙin Ruwa, ya kuma san kwatar yau, zai zaci ƙazanta ce ta jawo sunan. Wajibi ne malami ya rarrabe masa baƙin inuwa da ganye na da, da baƙin shara na yanzu.

Kammalawa

Shawarata ga malaman makaranta guda uku ce. Ta farko, a rubuta sunan kurmin da ƙugiya a kan allo, a bar wa unguwa nata sunan yadda mazaunanta ke faɗa. Ta biyu, a gaya wa ɗalibai cewa bayanin sunan daga Tarihin Kano ya fito, a faɗi lokacin da aka tsara littafin, domin su koyi auna hujja. Ta uku, a sa su furta baki da baƙi da baƙi da babbar murya, har kunnensu ya kama abin da takarda ta ɓoye. Ga iyayenmu dattawa na Jakara da Bakin Ruwa da kewayen Dala kuwa, roƙona shi ne su bari a ɗauki muryarsu suna faɗar sunayen kududdufai da lunguna yadda suka ji daga magabata, domin a furucinsu ake samun jan wasali da karin da rubutu ya zubar. Allah Ya sa mu dace, amin.