Guzuri da Maye a Wurin Masu Sha'awar Jarumtar Da

Duk ranar 19 ga Satumba, a Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turawa, akwai mutanen da kan ɗaura kallabi, su rufe ido ɗaya da baƙin ƙyalle, su rataya takobin roba, su wuni suna kwaikwayon 'yan fashin teku. Wasu abokai biyu ne a jihar Oregon suka ƙirƙiro ranar a 1995 don raha, sai ta bazu. A birnin Tampa na jihar Fulorida kuwa, tun 1904 ake bikin Gasparilla, inda manyan gari ke yin shigar 'yan fashi, su shigo cikin jirgin ruwa su karɓe mabuɗin birni daga hannun magajin gari, don tunawa da wani ɗan fashi, José Gaspar, wanda masana tarihi ba su sami shaidar cewa ya taɓa rayuwa ba. Ci da sha su ne ƙashin bayan waɗannan taruka: gasasshen nama, kifi da jatan lande, sannan uwa uba giyar rake da ake kira ram. A wurin waɗannan mutane, ɗan fashin teku ba ya cika sai da kwalba a hannu. Wannan sura ƙarya ce, kuma ƙaryar ba ta tsaya a bakin teku ba. A kudancin Jigawa, a ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram, inda farauta da wasan tauri ke riƙe da ragowar jarumtar kaka da kakanni, ana neman mai da abin maye tambarin mazantaka, a jingine guzuri, alhali guzurin ne ya riƙe mazan da ake kwaikwayo, mayen kuma shi ya kayar da su.

Abin da matuƙin jirgi ke ci a ƙarni na 17 da na 18 ba abin da za a yi wa biki ba ne. Gari ake kwaɓawa da ruwa a gasa har ya ƙandare, a jibga shi a buhu wata da watanni, ƙwari su haƙe shi. Sai an jiƙa ko an farfasa kafin haƙori ya shiga. Nama kuma a ganga yake cikin gishiri. Ruwan sha kan canza launi da wari cikin 'yan makonni, rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace kuma ya jawo ciwon da ke kumbura dasashi har haƙora su zube. Shi ya sa suke kama kunkurun teku su ajiye shi da rai a cikin jirgi, don samun ɗanyen nama. Da yawa daga cikin 'yan fashin tekun Karibiyan na wancan zamani ma asalinsu mafarauta ne, galibinsu Faransawa, da ke harbin shanu da aladun daji a tsibirin Hisfaniyola, suna yin bandar naman a kan gadon itace suna sayar wa jiragen da ke wucewa. Da Sifaniyawa suka matsa musu, suka karkashe dabbobin, sai suka koma tsibirin Tortuga suka faɗa wa jiragen Sifaniya. Yunwa da banda ne farkon labarin.

Ita kuwa giyar raken, asalinta ya fi komai muni. A tsibirin Barbados aka fara yin ta sosai wajen shekarun 1640, daga baƙin ruwan da kan rage bayan an dafa rake an fitar da sukari, irin wanda mai yin mazarƙwaila ya sani. Bayin da aka kwaso daga Afirka su ke noman raken, su ke matsa shi, su ke tsayuwa a bakin wuta. Sannan a ɗura giyar a ganguna a kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, a saya wasu bayin da ita. Henry Morgan, ɗan fashin tekun da hotonsa ke jikin kwalbar Captain Morgan da kamfanin Seagram ya fara sayarwa a 1944, ya ƙare rayuwarsa a 1688 bayan ya riƙe muƙamin mataimakin gwamnan Jamaika, yana da gonaki da bayi. Mai ɗaga kofi a Tampa ba ya tuna wannan, mai sayar masa da kwalbar kuma ba zai tuna masa ba.

Babbar shaidar cewa maye ne ya kayar da su tana nan kusa da mu, a gaɓar tekun Gini. Bartholomew Roberts, wanda ya kama jirage wajen 400, ma'aikacin jirgin bayi ne da 'yan fashi suka kama a Anomabu, a ƙasar Gana ta yanzu, a 1719, ya shiga cikinsu har ya zama shugaba. Littafin tarihin 'yan fashin teku da aka buga a Landan a 1724 ya kawo dokokin jirginsa, kuma a ciki akwai cewa a kashe fitilu da ƙarfe takwas na dare, duk mai son ci gaba da sha ya fita fili ya sha cikin duhu. Shi kansa an ce shayi ya fi sha. Ya san abin da yake tsoro. A watan Janairun 1722 mutanensa suka ƙona wani jirgi a tashar Wida da bayi wajen 80 a ɗaure a ciki, saboda mai jirgin ya ƙi biyan fansa. Ranar 10 ga Fabrairu jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow, a ƙarƙashin Chaloner Ogle, ya riske su a Kap Lopez, a Gabon ta yanzu, ya tarar da yawancinsu a buge. Aka kashe Roberts tun a harbin farko-farko, aka kai sauran Kef Kos, aka rataye 52, baƙaƙen fatan da ke cikinsu kuma aka sayar da su. Haka aka kama wani shugaban 'yan fashi, John Rackham, a 1720 a gaɓar Jamaika, mutanensa na cikin shaye-shaye. Ita ma giyar da ake sirkawa da ruwa, wadda masu bikin ke ɗauka abin shan 'yan fashi ce, Admiral Edward Vernon na sojan ruwan Ingila ne ya ba da umarninta a 1740 don rage maye a tsakanin sojojinsa, bayan an riga an gama da manyan 'yan fashin. Littafin Treasure Island na Robert Louis Stevenson, na 1883, da finafinan Amurka da suka biyo baya, su suka ɗaura wa ɗan fashi kwalba a hannu, 'yan kasuwa suka ƙulle ɗaurin.

Birnin Kudu da Gwaram ba su san teku ba, amma sun san hari. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa tare da almajiransa saboda rigimar haraji da masarautar Kano, ya shiga duwatsun Ningi, ya haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse. A zamanin Abubakar Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Usman Ɗan Yaya, har zuwa shigowar Turawa, Ningawa sun addabi kudancin Kano, garuruwan iyaka irin su Gwaram da Birnin Kudu kuma su ne a bakin wuta. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha yaƙi da su. Hatsi da shanu da mutane ake zuwa kwasa, shi ya sa aka dogara da ganuwa da mazan da ke kwana da kwari da baka. Wanda ya san yadda irin wannan tafiya take, ko ta mai kai hari ko ta mai bin sawu, ya san ba a girki a cikinta, domin hayaƙi yana tona asiri. Abin da ke cikin burgami da gora shi ne rai.

Wannan guzuri bai ɓace ba, yana nan a jakar mafarauta na asali. Mata kan jiƙa gero su surfa, su daka shi da citta da barkono da kanumfari, su dunƙula gumba. In an isa bakin ruwa a ɓallo dunƙule a dama a ƙoƙo, a sha a tashi. Akwai fura da aka mulmula cikin gari don kada ta yi saurin tsami, akwai ƙuli-ƙuli da dakuwa da kilishi, akwai goro na hana barci. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke bukatar wuta, babu mai nauyin ɗauka, kuma duk suna daɗewa a ciki. In aka yi sa'a aka kashe gada ko zomo ko burgu, sai a feɗe, a babbake, a yi banda, sannan rabo ya bi ƙa'ida: an san na wanda ya fara sara, an san na mai kare, an san abin da ake kai wa sarkin dawa. Farautar gayya da rani, bayan an kai amfanin gona gida, makaranta ce ta juriyar ƙishirwa da riƙe kai. Shi ma tsimi a asalinsa magani ne: saiwoyi da sassaƙe da ɓawon itatuwa ake jiƙawa a tulu da tsamiya da kayan yaji, a bar shi ya tsimu, maigida ya ɗebo da ludayi ya ba yaronsa gwargwadon abin da ya ga jikinsa zai ɗauka, don basir da shawara da ƙarfin jiki, da kuma abin da suka yi imani da shi na kariya daga ƙarfe.

Abin da ake gani yanzu a tarukan farauta da na tauri da yawa a ƙasar Hausa daban ne. Matasa kan cika motoci da karnuka da gorori da barandami, da yawansu ba su taɓa bin sawun dabba ba, kiɗa da kirari da suna suka kawo su. A aljihu akwai tiramadol da wiwi da sholisho, a gora kuma tsimin da aka narka ƙwaya a ciki. Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne: a 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin miliyan uku kullum a Kano da Jigawa, a watan Mayun 2018 kuma gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tarin mai kodin da shigo da shi. Ko an yi gardama kan adadin, ba a gardama kan abin da ido ke gani, na yadda rigima kan zomo ɗaya take zama sara da suka tsakanin unguwa da unguwa. Yadda kamfanin giya ya ari hoton Morgan, haka mai sayar da ƙwaya ya ari sunan tsimi.

Za a ce wannan wanke tarihi ne, domin mutanen da ma sun sha. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. Maguzawa da mutanen duwatsun Ningi sun yi burkutu, an san zaƙami a wurin 'yan tauri da masu sharo, waƙoƙin Kassu Zurmi da na Muhammadu Gambu mai waƙar ɓarayi kuma ba waliyyai suke yabo ba. Su ma 'yan fashin teku sun sha ram har ta kai su ga igiya. Sai dai samuwar abu daban, zamansa dalilin jarumta daban. A can baya abin da ake sha yana da mai bayarwa, yana da ma'auni, yana da lokaci, yaro ba ya haɗa wa kansa. Giyar Maguzawa ta gayya ce da biki, ana shan ta cikin dangi. Dokar ƙarfe takwas ta Roberts da ludayin maigida abu ɗaya suke nunawa, cewa shugabannin waɗannan maza sun ɗauki maye a matsayin haɗarin da ake taka wa birki. Mai kwaikwayo ya ɗauki abin da suke tsoro ya mai da shi abin tutiya.

Za a kuma ce ai duk wasa ne, a bar mutane su sha iska. Ga Baturen Tampa wannan uzuri na iya shiga, tun da takobinsa na roba ne, kuma shekara 300 sun raba shi da mutanen da yake kwaikwayo. Mafi munin abin da zai same shi ciwon kai ne da jahiltar tarihin bayin da suka dafa raken. A nan wuƙa ta gaske ce. Bugu da ƙari, mafarauci a yau ba ɗan wasa kaɗai ba ne. A watan Afrilun 2014 'yan bindiga sun kai hari Gwaram suka faɗa wa ofishin 'yan sanda da banki da kotu, a shekarar kuma sojoji suka shiga dajin Balmo da ya ratso daga Bauchi zuwa Jigawa, sannan mafarauta suka taimaka wajen ƙwato Mubi a Adamawa. Tun daga nan ake neman maharba da 'yan sintiri su shiga gaba a dazukan iyaka, saboda su suka san hanya da mashaya. Mutumin da gari zai danƙa wa tsaron dare, in ya fita a buge, ko ya harbi mai gona da makiyayi bisa kuskure, ko a same shi yadda Ogle ya sami mutanen Roberts.

Haramta farauta da tauri ba mafita ba ce. An sha yin haka a wurare bayan rikici, abin ya koma ɓoye ya fi lalacewa, kuma asara ce a rasa mutanen da suka san kowace saiwa da kowane sawu a dajin Gwaram. Hisba da hukumar NDLEA suna iya kama mai sayarwa, amma ba su ne za su faɗa wa saurayi abin da ake nufi da namiji ba. Wannan aikin sarakunan dawa ne da shugabannin 'yan tauri da makaɗansu, tare da hakimai da dagatan Birnin Kudu da Gwaram: su mai da haɗa tsimi hannun dattawan da aka sani, su duba gora da aljihu kafin a shiga mota, makaɗi ya daina yi wa bugagge kirari, duk wanda kuma aka samu da ƙwaya a sauke shi tun a bakin gari.