Baƙo da Ɗan Gari: Matsalar Marubucin Labarin Bincike a Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggen labarin bincike ya ginu ne bisa ɓoye mai laifi har zuwa ƙarshe. Marubucin karkara kuwa yana zaune cikin jama'ar da kowa ya san asalin kowa, kullum suna tare a masallaci da kasuwa da zaman makoki. Da zarar ya ɗora laifi kan ɗan gari, sai a ce da wane yake. Wannan tsoro kan sa ya kwashi labarinsa ya kai Kano ko Legas, inda bai san lungu ko ɗaya ba.

2.0 Abin da Aka Bari a Gida

Wannan ƙaura hasara ce. Nguru ce ƙarshen layin dogon da ya iso daga Kano a 1930, ta kuma daɗe tana tara fatake da masu shanu daga Nijar. Gashuwa tana bakin kogin Yobe, inda masunta da manoman fadama da makiyaya ke gogayya kan ruwa. Ga baƙi, ga dalilan saɓani. Mai binciken ma yana nan: dillalin da ke gane saniyar sata, ko mai bin sawu. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina (1982) ya tabbatar cewa fasa-ƙwauri kaɗai na iya riƙe labari.

3.0 Kammalawa

Ashe ke nan sanin juna da ke ɗaure hannun marubucin shi ne jarinsa, domin a inda aka san kowa, asirin da aka ɓoye ya fi nauyi.