Jinjina ga Ɗaliban Jinya da Masu Ɗaukar Nauyinsu

Karatun jinya ba ya barin lokacin neman kuɗi. Shekara 3 ɗaliba za ta yi tana kai da komo tsakanin aji da ɗakin majinyata, har da aikin dare, ba albashi, kafin ta rubuta jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Ga kuɗin abinci, ga na adaidaita sahu zuwa asibiti, ga fararen kaya da littattafai.

Wannan nauyi yana kan mutanen da ba a ganinsu a hoton bikin yaye ɗalibai: uwar da ke zubin adashi da ribar ƙosai, yayan da ke tsakurar albashinsa kowane wata, mijin da ke renon yara ranar da ɗalibar take kwana asibiti. Ita ma ɗalibar takan yi kitso ko ɗinki a ƙarshen mako, ta koma kan littafi da gajiyarta.

Da haƙurinsu ake samun ma'aikaciyar da za ta ɗaura wa yaro ƙarin ruwa da tsakar dare. Duk mai hali ya tallafa wa ɗalibar jinya ta unguwarsu.