Jinjina ga Masu Wasan 'Yan Tsana na Osaka

Duk wanda ya yi hutun ƙarshen mako a Osaka ta ƙasar Japan, da wuya ya tsallake unguwar Dotonbori. Can ne masu tuya ke juya takoyaki da tsinke a kaskon ƙarfe mai ramuka irin tandar waina, kowane dunƙule da guntun naman teku a cikinsa, a ci da zafinsa.

A wannan unguwa mai rera labari Takemoto Gidayu ya buɗe gidan wasan 'yan tsana a 1684. Ba nisa daga nan akwai Gidan Wasan Bunraku na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1984.

A Bunraku, wato wannan wasan 'yan tsana, mutum uku ke riƙe babbar 'yar tsana guda. Uban tafiyar na sarrafa kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, na uku ƙafafu, yana duƙe, fuskarsa rufe da baƙin ƙyalle. Masu sana'ar kan ce sai ɗalibi ya shekara goma a ƙafa, ya ƙara goma a hannun hagu, kafin a damƙa masa kai. Galibin 'yan tsana mata ma ba su da ƙafafu. Da hannunsa na ukun yake motsa gefen rigar har ka rantse takawa take yi. Wannan haƙuri ya cancanci yabo, domin ba wanda ke ganin fuskar mai shi.

A gefen dandali, mai rera labari shi kaɗai ke yin muryar tsoho da budurwa da yaro, makaɗin shamisen mai tsirkiya uku na biye da shi. UNESCO ta karrama wasan a 2003.