Fi'ilin "Register" da Kalmar "Rajista"

Ya zama al'ada ga malamai da masu fassara, duk inda suka tarar da fi'ilin Ingilishi "register" sai su ce "yi rajista", su wuce. Nufinmu a nan shi ne mu nuna inda wannan fassara ta dace, da inda ta gaza.

Asalin kalmar daga Latin ne. Fi'ilin "regerere" ya ƙunshi "re-", watau komowa, da "gerere", watau ɗauka. Daga gare shi aka sami "regesta", abubuwan da aka rubuta aka adana, sa'an nan "registrum", wadda ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14. Ma'anarta ta hukuma ta daɗa ƙarfi a Ingila: a 1538 Thomas Cromwell ya umarci coci-coci su ajiye littafin baftisma da aure da jana'iza, a 1837 kuwa gwamnati da kanta ta soma rubuta haihuwa da aure da mutuwa.

Wannan reshe kaɗai Hausa ta ara, ta hanyar makaranta da kotu da gidan waya. Har wa yau suna ta ara, ba fi'ili ba, domin sai an jingina shi da "yi": an yi wa mota rajista. Dubi "canja", wadda ta zama cikakken fi'ili har muna cewa "ya canju".

Amma Bature yakan yi amfani da "register" ga ma'aunin zafi, da fuskar mutum, da maganar da ta kai zuci. A nan Bahaushe cewa zai yi ma'auni ya nuna 40, mamaki ya bayyana a fuskarsa, maganar ba ta shige shi ba. Ɗalibin da ya rubuta "fuskarsa ta yi rajistar mamaki" bai yi Hausa ba, laifin kuwa na wanda ya koya masa ne.

Masu ƙyamar aro, waɗanda ke son a ce "rubuta suna" a ko'ina, su ma sun kauce. Yaro na iya rubuta sunansa a bango; rajista kuwa hakki take bayarwa, gama wanda bai yi ta ba ba ya jefa ƙuri'a, ba ya zama jarrabawa.

Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su koyar da wannan fi'ili cikin jimloli, kowace ma'ana da Hausarta, a bar wa "rajista" aikin hukuma da ta riga ta ƙware a kai.