Taƙaddama Kan Mawallafin Wasannin Shakespeare: Nazarin Hujjojin Masu Shakka

Ɗaliban adabin Hausa da dama sun fara sanin William Shakespeare ne ta hanyar Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa ɗaya daga cikin wasanninsa. Sai dai akwai masu da'awar cewa wannan mutumin garin Stratford, wanda aka haifa a 1564 ya rasu a 1616, aron sunansa kawai aka yi. Wannan maƙala za ta auna hujjojinsu.

Abin lura na farko shi ne, shakkar ba ta yi ƙarfi ba sai bayan fiye da shekara 200 da rasuwarsa. A 1857 Delia Bacon, wata Ba'amurkiya, ta danganta wasannin ga wasu manyan masana, cikinsu har da Francis Bacon. A 1920 kuma J. Thomas Looney ya tsayar da Edward de Vere, mai sarautar Oxford. Madogararsu kusan guda ce: ɗan mai ɗinkin safar hannu, wanda bai shiga jami'a ba, kuma wasiyyarsa ba ta ambaci littafi ko ɗaya ba, ina ya san sirrin fada da shari'a da ƙasar Italiya?

Wannan zato ne game da asali, ba hujja ce ta tarihi ba. Ben Jonson ma bai yi jami'a ba, a gidan magini ya tashi, amma ba a taɓa raba shi da wasanninsa ba. Wasiyyar da ake kafa hujja da ita kuwa, ita ce ta bar wa 'yan wasa uku, wato Burbage da Heminges da Condell, kuɗin sayen zoben tunawa. Biyun ƙarshe su ne suka tattara wasanni 36 aka buga a 1623 da sunan abokin aikin nasu.

Batun de Vere ya fi rauni. Tun a 1598 Francis Meres ya lissafa wasannin Shakespeare 12, sannan ya ambaci de Vere da Shakespeare a jeri guda na gwanayen wasan barkwanci, a matsayin mutum biyu. Bugu da ƙari, de Vere ya rasu a 1604, alhali wasan The Tempest, a ra'ayin galibin manazarta, ya ɗebo daga labarin jirgin ruwan da ya yi hatsari a Bamuda a 1609. Magoya bayansa kan ce ai tun da wuri aka rubuta wasannin aka ajiye. Ke nan ana gyara tarihi ne domin ya dace da ra'ayi.

Tambayar da ta cancanci bincike ita ce ta haɗin gwiwa, domin marubutan dandalin Landan na wancan zamani sukan yi aiki tare. Nazarin salo, musamman ƙididdigar ƙananan kalmomin da marubuci kan maimaita ba da saninsa ba, ya nuna hannun John Fletcher a cikin Henry VIII. A 2016 wani bugun Jami'ar Oxford ya sanya sunan Christopher Marlowe tare da na Shakespeare a kan wasannin Henry VI guda uku, ko da yake ba duk masana ne suka amince da hakan ba.